Cikin Wata 22: Lissafin Haihuwar Giwa

A ce yau an haifi 'yar giwa mace a wani daji na gabashin Afirka. Idan fari bai kashe ta ba, zaki bai ɗauke ta tana jaririya ba, harsashi kuma bai same ta ba, sai ta kai wajen shekara 12 kafin ta ɗauki cikin fari. Cikin nan zai zauna wata 22, babu wata dabba mai shayarwa da ke goyon ciki tsawon haka. Ta haifi ɗa guda ɗaya tal, domin tagwaye a wurin giwa abin kallo ne, da ƙyar ake samun ɗaya cikin haihuwa 100. Daga nan ba za ta sake haihuwa ba sai bayan shekara 4 ko 5. A haka za ta yi ta tafiya har ta haura shekara 50. Idan ka buga lissafin, uwar da ta yi tsawon rai kuma ta yi sa'a 'ya'yanta ba su cika wuce 10 ba, kuma ba duka za su girma ba. Ɓera mace tana iya haifar fiye da haka cikin wata biyu.

Masanin halittu Charles Darwin ya lura da wannan jinkiri tun a 1859. Ya ɗauki giwa a matsayin dabbar da ta fi kowace nawa wajen hayayyafa, ya kuma lissafa cewa ko ita ɗin, in babu abin da ke kashe 'ya'yanta, namiji ɗaya da mace ɗaya za su zama giwa miliyan 15 cikin shekara 500. Abin da yake son nunawa shi ne kowace halitta tana haifar fiye da abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Amma lissafin nasa yana da wani sharaɗi da ya kamata a dube shi da kyau: sai manyan sun rayu. Duk tsarin jikin giwa da zamantakewarta an gina su ne a kan cewa babba ba ya mutuwa da wuri. Nan ne ƙarfinta yake, nan ne kuma ake cin ta.

Giwaye iri uku ne suka rage a duniya. Akwai giwar fili ta Afirka, wadda ta fi kowace dabbar tudu girma, toronta yana kai tan 6, macen kuma wajen rabin haka. Akwai giwar kurmi, ƙarama a kanta, mai miƙaƙƙen haure, da ke zaune a dazuzzukan Gabon da Kongo da maƙwabtansu. Sai giwar Asiya mai ƙananan kunnuwa, wadda matanta galibi ba su da hauren da ake gani a waje. An daɗe ana haɗa biyun Afirka wuri ɗaya, sai a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta raba su a jerinta, ta sa giwar kurmi cikin waɗanda suke gab da ƙarewa.

Girman jiki shi ne tushen jinkirin. Babbar giwa tana cin ciyawa da ganye da ɓawon itace da saiwa wajen kilo 150 a rana, tana shafe sa'a 16 ko fiye tana kiwo, barcinta a daji kuwa bai fi sa'a biyu zuwa uku ba. Ba ta tuƙa irin ta shanu. Abincin yana wucewa ne zuwa babban hanji, inda ƙwayoyin cikinta ke ruɓar da shi, kuma abin da take narkarwa bai kai rabin abin da ta ci ba. Wanda ya taɓa ganin kashin giwa ya san haka, ga ciyawa da 'ya'yan itace nan kamar yadda suka shiga. Dabbar da ke rayuwa a kan abinci mara maiƙo irin wannan, kuma take son ta gina ɗa mai kilo 100 a cikinta sannan ta shayar da shi shekaru, ba ta da hanyar gaggawa.

Jikin macen ma a hankali yake juyawa. Daga neman barbara zuwa wani neman barbarar, giwa tana ɗaukar mako 14 zuwa 16, saniya kuwa mako uku kacal. Akwai kuma wani abu da ba a san wata dabba da shi ba. A yawancin dabbobi masu shayarwa, sinadarin da ke umartar jiki ya saki ƙwai sau ɗaya yake tashi a jini, ƙwan ya fita. A giwa sau biyu yake tashi, tsakaninsu mako uku. Tashin farko ba ya sakin ƙwan da za a yi ciki da shi. Abin da yake yi shi ne ya sa wasu ƙulle-ƙulle su tsiro a ma'ajiyar ƙwan, waɗanda daga baya za su taimaka wajen fitar da sinadarin riƙe ciki. Tashi na biyu ne ke sakin ƙwai guda. Likitocin gidajen namun daji sun ci moriyar wannan sosai, domin da zarar sun ga tashin farko a gwajin jini sun san ranar da za su shirya, saura mako uku.

A daji kuwa mace ba ta cika yin wannan zagaye sau da yawa ba, saboda ko tana da ciki ko tana shayarwa. Kwanakin da za ta iya ɗaukar ciki ba su wuce 3 zuwa 6 ba, kuma sukan zo ne sau ɗaya cikin shekara huɗu ko biyar. Ga matsalar nan: maza manya ba sa zama cikin garken mata, suna can nesa, wani lokaci tafiyar kwanaki. Yaya za a yi namijin da ya dace ya iso cikin waɗannan 'yan kwanaki?

Rabin amsar a sauti take. A 1984 wata mai bincike Ba'amurkiya, Katy Payne, tana tsaye kusa da giwayen wani gidan namun daji a birnin Portland, sai ta ji iska tana wani irin girgiza a jikinta alhali kunnenta bai ji komai ba. Da ta dawo da na'urar ɗaukar sauti, sai ta gano giwayen suna ta magana da wata murya mai kauri wadda ta yi ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Irin wannan sauti ba ya mutuwa da wuri cikin itatuwa, yana tafiyar kilomita da dama, musamman da yamma ko da asuba in iska ta lafa. Mace mai neman barbara tana da gurnaninta na musamman, wanda take maimaitawa, maza kuma suna jinsa daga nesa su juyo.

Ɗaya rabin a wari yake. Toro idan ya shigo garke, zai bi matan ɗaya bayan ɗaya yana taɓa fitsarinsu da bakin hancinsa, sannan ya kai shi ga wasu ƙananan kafofi biyu a dasashin bakinsa na sama. Ta nan yake karanta matsayin kowace mace. A 1996 wata mai bincike, Bets Rasmussen, ta fitar da ainihin sinadarin da macen giwar Asiya ke zubarwa a fitsari gab da sakin ƙwai, sai ga shi sinadari ɗaya ne da wanda ɗimbin ire-iren malam-buɗe-littafin dare ke jawo mazansu da shi. Babbar dabbar tudu da ƙwaron da ke zagaye fitila, saƙo ɗaya suke aikawa. Ba ruɗewa ake yi ba, ba shakka, tunda babu toron da zai bi ƙwaro.

Labarin namijin ya fi ɗaukar hankali a ganina, domin shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Ɗan giwa namiji yana barin garken uwarsa yana tsakanin shekara 10 zuwa 15, ba rana ɗaya ba, sannu a hankali yake ja da baya har ya koma cikin ayarin maza. A wannan shekarun jikinsa ya riga ya fara samar da maniyyi. Sai dai samar da maniyyi daban, samun mace daban. Namijin giwa ba ya daina girma har tsufansa, don haka ɗan shekara 20 yaro ne ƙarami a gaban ɗan shekara 45, nauyinsu ma ba kusa ba. Zai jira shekara 15 ko 20 yana kallo.

Abin da ke raba gardama tsakanin maza shi ne wani yanayi da masu kiwon giwa a Indiya suka sani tun zamanin da, suna kiransa mast, kalma daga Farisanci mai nufin maye. Bari mu kira shi maye, domin sunan ya dace. Toron da ya shiga maye, sinadarin mazakuta a jininsa yana ninkuwa sau gommai. Wani ruwa mai kauri yana tsiyaya daga wata kafa da ke tsakanin idonsa da kunnensa, ya ɓata masa kumatu. Fitsari yana ɗiga masa ba tsayawa, har cinyoyinsa na baya su jiƙe, fatar mazakutarsa ta yi kore-kore, warin kuma ana jinsa daga nesa. Tafiyarsa ma tana sauyawa, kai a sama, kunnuwa a buɗe. An daɗe ana zaton giwar Asiya ce kaɗai ke yin wannan. Sai a 1981 Joyce Poole da Cynthia Moss, waɗanda ke bin giwayen Amboseli a Kenya ɗaya-ɗaya da sunayensu (aikin ya fara tun 1972 kuma bai tsaya ba), suka nuna cewa ta Afirka ma tana yi. Da farko da suka ga ɗigar fitsarin da koren nan, ciwo suka ɗauka.

Maye yana juya matsayi. Toron da ke cikinsa yana kora wanda ya fi shi girma in wancan ba ya ciki. Amma yana da tsada: mai maye ba ya cin abinci sosai, yawo yake daga garke zuwa garke, yana zubar da ruwan jikinsa, har ya rame ya fita daga yanayin. Saboda haka tsawon mayen yana faɗin gaskiyar ƙarfin mai shi. Saurayi ɗan shekara 25 zuwa 30 da ya fara, kwanaki kaɗan yake yi ya sauka. Babba ɗan shekara 40 zuwa 50 yana riƙe shi wata biyu ko uku, kusan a lokaci ɗaya kowace shekara, kuma manyan su ne ke kama lokacin da ya fi kyau, bayan ruwa ya sauka, sa'ad da mata suka yi ƙiba suka fara neman barbara. Da aka yi gwajin ƙwayoyin gado a Amboseli don a san uban kowane ɗa, an tarar kusan kashi uku cikin huɗu na 'ya'yan, ubanninsu suna cikin maye lokacin da aka yi cikin, kuma mazan da suka fi haihuwa su ne waɗanda suka haura shekara 40.

Macen ba 'yar kallo ba ce a nan. Ta fi babban toro sauri, in ba ta so ba, gudu take yi ta bar shi. A kwanakin farko samari ne ke damun ta, tana ta zillewa. A tsakiyar kwanakin, daidai lokacin sakin ƙwai, sai ta manne wa babban mai maye, shi kuma ya kore sauran. Budurwar da ba ta taɓa yi ba ba ta iya wannan dabara ba, an sha ganin uwa ko yaya tana rakiyarta zuwa kusa da babban. Barbarar kanta ba ta wuce minti ɗaya ko biyu ba: ya ɗora ƙafafun gaba a bayanta, nauyinsa yana kan na baya. Abin da ke biyo baya ya fi ta tsawo, domin dangin macen duka sukan taru suna kururuwa, suna kaɗa kunnuwa, suna fitsari, kamar ana shelar abin ga duk dajin. (Wani abu a gefe: marainan giwa ba sa rataye a waje, suna can ciki kusa da ƙoda, kuma farjin macen yana ƙasa tsakanin ƙafafun baya, ba ƙarƙashin wutsiya ba. Wannan ne ya sa baƙo ke shan wahalar bambance mace da namiji a ƙananan giwaye.)

Me zai faru in babu manyan maza? An gwada wannan ba da niyya ba a Afirka ta Kudu. A shekarun da ake rage yawan giwayen gandun Kruger ta hanyar harbe iyalai, akan bar ƙananan 'ya'ya a kai su wasu wurare. Wasu marayun an kai su gandun Pilanesberg, inda babu babban toro ko ɗaya. Da mazan suka tasa, sai suka shiga maye tun ba su kai shekara 20 ba, suka kuma daɗe a cikinsa fiye da yadda ya kamata. Tsakanin 1992 da 1997 sun kashe karkanda fiye da 40. A 1998 aka kawo manyan maza shida daga Kruger. Mayen samarin ya lafa, kisan karkanda ya tsaya. Kasancewar babba kusa kawai ta isa ta danne mayen yaro a cikin jininsa. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin darasin tarbiyya ga mutane, ni dai ina ganin abin da ya nuna game da giwa ya isa: tsohon toro wani sashe ne na tsarin haihuwar garken, ko a ranar da bai hau kowa ba.

Mu koma ga cikin. Girman ɗan kaɗai bai bayyana wata 22 ba, domin akwai dabbobin teku da ke haifar ɗan da ya ninka na giwa sau 20 cikin shekara guda. Abin da ake ginawa a hankali shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Garken giwa ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana kan hanya tsakanin ruwa da kiwo, babu rami ko sheƙar da za a ajiye jariri. Dole ɗan ya faɗo a shirye. Yana fitowa da nauyin kilo 100 zuwa 120, tsayinsa kusan mita ɗaya, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya miƙe, kafin kwana biyu yana bin garke. Galibi da dare ake haihuwa, uwar tana tsaye, ɗan ya faɗo ƙasa, sauran matan su kewaye su. Ƙulle-ƙullen nan da tashin sinadari na farko ya tsirar, su ne ke ci gaba da ciyar da cikin da abin riƙe shi har ƙarshe.

Duk da wannan shiri, ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin ta babba ba, wadda ke kai wajen kilo 5. Dabbobi da yawa ana haifar su da kusan cikakkiyar ƙwaƙwalwa. Giwa da ɗan Adam suna cikin waɗanda ke ƙarasa ginin a waje, wato ta hanyar koyo. Dubi hancin. Babu ƙashi ko ɗaya a cikinsa, tsoka ce dubbai a saƙe, babbar giwa tana tumɓuke itace da shi, tana kuma tsintar ƙwayar iri guda. Jariri bai san me zai yi da nasa ba. Yana lilo da shi, yana taka shi, wani lokaci ya tsotse shi kamar yatsa. In ya zo shan ruwa sai ya durƙusa ya sha da baki. Sai ya yi watanni, kusan shekara, kafin ya iya zuƙar ruwa ya zuba a bakinsa ba tare da ya zubar da rabi ba. Nono ma da baki yake sha, yana naɗe hancin bisa goshi. Nonuwan uwar biyu ne, a ƙirji suke tsakanin ƙafafun gaba. Masu bincike suna da wata hanya mai sauƙi ta ƙiyasta shekaru: ɗan da ke iya wucewa ƙarƙashin cikin uwarsa bai cika shekara ba.

Yana shan wajen lita 10 a rana. Yana ɗan wata huɗu zai fara taɓa ciyawa, yana kuma cin ɗanyen kashin manya, ta haka yake samun ƙwayoyin hanjin da za su narkar masa da ganye. Amma har ya shekara biyu rayuwarsa a kan nono take, in uwar ta mutu kafin nan da wuya ya tsira. Yaye kuwa ba a gaggauta shi, sau da yawa sai ƙani ya zo ake ture shi. Nonon giwa yana da wani irin maiƙo da ya bambanta da na saniya, shi ya sa marayun da aka ba madarar shanu suke zawo su mutu. Daphne Sheldrick a Kenya ta shafe shekaru tana rasa marayu ɗaya bayan ɗaya kafin ta gano cewa man kwakwa ne ya fi kusa da maiƙon, ta haɗa madarar da jariran ke iya riƙewa.

Uwa ba ita kaɗai ke reno ba. Garken giwa gidan mata ne: kaka, 'ya'yanta mata, jikoki. 'Yan matan da ba su fara haihuwa ba su ne 'yan raino, suna tsayawa kan jariri in yana barci, suna ciro shi in ya maƙale a taɓo, uwar kuma ta samu ta yi kiwon da zai zama nono. Su ma suna koyon aikin da ke jiran su.

A saman kowa akwai uwar garke, mafi tsufa galibi, kuma amfaninta ana iya auna shi da 'ya'ya. A 2001 Karen McComb ta sa wa iyalan Amboseli muryoyin wasu giwaye ta lasifika. Iyalan da uwarsu ta tsufa sun fi iya bambance muryar sani da ta baƙo, ba sa ɓata lokaci suna taruwa don tsoron wanda ba abin tsoro ba, kuma su ne suka fi yawan haihuwa a kan kowace mace. A gandun Tarangire na Tanzaniya an yi fari mai tsanani a 1993. Iyalan da ke da tsofaffin uwaye, waɗanda suka ga farin ƙarshen shekarun 1950 suna ƙanana, sun bar gandun sun tafi inda ruwa yake. Waɗanda uwayensu matasa ne sun zauna, su ne suka fi asarar jarirai. A Myanmar, inda hukuma ta daɗe tana rubuta haihuwa da mutuwar giwayen da ke jan gungumen katako, bayanan sun nuna ɗan matashiyar uwa ya fi rayuwa nesa ba kusa ba in kakarsa tana wurin. Ga shi kuma kakar ba ta ajiye haihuwa gaba ɗaya kamar macen ɗan Adam, raguwa kawai take yi, an ga masu shekara 60 da jariri.

Fari yana da wani tasiri kuma. In jiki ya rame, macen ba ta sakin ƙwai ko kaɗan. In ruwa ya dawo, matan da suka rasa 'ya'ya da waɗanda suka dakata duk su nemi barbara kusan tare, bayan wata 22 sai daji ya cika da jarirai. Haka aka gani a Amboseli bayan mummunan farin 2009.

Dabbar da ta dogara ga tsufa haka tana bukatar jikin da zai kai ta. Giwa tana da ƙwayoyin jiki ninkin na mutum sau da yawa, kuma tana rayuwa shekara 60 zuwa 70, don haka a lissafi ya kamata ciwon daji ya yi mata yawa. Ba haka abin yake ba, waɗanda yake kashewa ba su kai 5 cikin 100 ba. A 2015 aka gano ɗaya daga cikin dalilan: ƙwayar gado mai suna TP53, wadda ke sa ƙwayar jikin da ta lalace ta kashe kanta kafin ta zama ƙari, mutum kwafi ɗaya yake da ita, giwar Afirka tana da 20. Iyakar ranta a baki take. Turamen haƙoranta ba daga ƙasa suke tsirowa ba, daga baya suke turowa gaba, na gaba ya cinye ya gutsure ya faɗi, na baya ya maye gurbinsa. Jeri shida na turame giwa ke yi a rayuwa. In na shida ya cinye, wajen shekara 60 da wani abu, tauna ta gagara, sai ta koma bakin fadama inda ciyawa ke da laushi, a can yunwa take ƙarasa ta.

Haure kuwa haƙorin gaba ne na sama, kuma shi ba ya daina tsawo. Wannan shi ne mugun dacen. Mafi girman haure yana bakin mafi tsufan toro, sai kuma uwar garke. Mai farautar haure ba ya zaɓe a makance, yana farawa ne da waɗanda muka gama bayanin cewa su ne ginshiƙin haihuwa.

Yanzu a buga lissafin daga farko. Garken giwar fili da ke cikin wadata, ba mai taɓa shi, yana ƙaruwa da kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a shekara, wannan ne ƙarshen ƙoƙarinsa. Babbar ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18, wadda aka fitar a 2016, ta sami giwar fili 352,271, ta kuma nuna an yi asarar kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014, wajen kashi 8 a kowace shekara a ƙarshen lokacin. Kisa ya wuce haihuwa, alhali an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989. Giwar kurmi ta fi shiga uku. Andrea Turkalo ta shafe fiye da shekara 20 tana zaune bakin wani fili mai suna Dzanga a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana rubuta waɗanda ke zuwa lasar gishirin ƙasa. Bayananta sun nuna macen giwar kurmi tana haihuwar fari ne tana wajen shekara 23, tazarar haihuwarta kuma shekara 5 zuwa 6. A yanayin da ta gani, sai an yi kusan shekara 60 kafin yawansu ya ninka. Wannan giwar ce aka kashe fiye da kashi 60 cikin 100 nata tsakanin 2002 da 2011.

Lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kada a manta. Inda aka yi shinge aka tsare su, kashi 5 ko 6 a shekara yana ninka garke cikin shekara 15 ko ƙasa da haka, giwaye su cinye itatuwan wurin. Afirka ta Kudu ta dakatar da harbin rage yawa a tsakiyar shekarun 1990, wasu ƙananan gandaye kamar Makalali suka koma yi wa mata allurar hana ciki da ake harbawa daga nesa, tun daga 2000. Allurar tana sa jikin macen ya toshe wa maniyyi hanyar shiga ƙwai. Tana aiki, sai dai macen da ba ta ɗauki ciki ba tana sake neman barbara duk bayan wata huɗu, abin da jikinta bai saba da shi ba a daji. A gidajen namun daji kuwa matsalar akasin haka ce. Mata da yawa zagayen nasu ya tsaya cik, wata cutar bairus tana kashe ƙananan giwayen Asiya cikin kwanaki, kuma wani nazari na 2008 ya nuna rabin matan giwar Afirka a gidajen namun dajin Turai suna mutuwa kafin shekara 17, alhali a Amboseli, in an cire kisan ɗan Adam, rabi suna kai 56. An yi nasarar dasa wa giwa maniyyi da hannu tun 1999 a Amurka, amma dasa maniyyi ba ya samar da kaka.

Wurin da farauta ta shiga cikin jinin giwa har aka gan ta da ido shi ne gandun Gorongosa na Mozambik. A yaƙin basasar 1977 zuwa 1992, ɓangarorin biyu sun riƙa sayar da haure suna sayen makamai, giwayen wurin suka ragu da wajen kashi 90 cikin 100. Kafin yaƙin, matan da aka haifa ba haure ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Cikin waɗanda suka tsira, rabi ne, domin masu haure aka fi harbi. 'Ya'yansu mata da aka haifa bayan yaƙin, kusan ɗaya cikin uku ba su da haure. Nazarin da aka buga a 2021 ya gano cewa ƙwayar gadon rashin hauren tana bin layin uwa ne a kan zaren halittar da mace ke da biyu, namiji ke da ɗaya. Mace in ta gada sai ta rasa haure kawai. Namiji in ya gada, a ciki yake mutuwa. Shi ya sa ba a ganin toro marar haure a wurin, kuma shi ya sa uwayen da ba su da haure, cikin kowane 'ya'ya uku da suka haifa, biyu mata ne.